Shekarar da Kanwa Ta Rufa wa Dalma Asiri

Ku ukun nan kun tashi kuna jin wata magana duk lokacin da muka je Gazara, wani sa'in a bakin manya cikin raha, wani sa'in a bakin 'ya'yan kawunku idan wasa ya yi tsami: wai uwarku ce ta kashe wa Kawu Sale kasuwa. Kun sha tambayata a mota idan mun kamo hanyar gida, ni kuma in ce ku bari sai kun girma. To, kun girma, shi kuma ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa da rahama. Zan faɗa muku yadda abin ya faru daki-daki, har da wurin da laifin yake nawa. Maganar da kuka ji ba ƙarya ba ce, amma rabi ce.

Gidanmu gidan mazarƙwaila ne tun kakanni. A sare rake a fadama, a matse a inji, a zuba ruwan a babban kaskon ƙarfe, a hura masa wuta da busasshiyar tukar raken, a yi ta kwashe kumfa har ya yi kauri, sannan a juye a ƙananan kwanoni ya daskare. Kowane gida da hannunsa wajen tace ruwan. Wasu yauƙin karan kuɓewa suke zubawa ya tattaro datti sama. Mu kanwa muke sawa, kuma hannun gidanmu yana da nauyi a kanta, shi ya sa tamu take fitowa da duhu da wani ɗan gardi wanda ko a kasuwar Makarfi mai saye yakan gane ta tun bai tambaya ba. Da mahaifinmu ya rasu, Yaya Sale ne ya ɗauki fadamar da murhun da mu kanmu. Lokacin da dangi suka ce karatuna ya isa haka, shi ya ce bai isa ba, kuma shi ya riƙa goya ni a kekensa zuwa bakin titi in hau mota. Ku riƙe wannan a zuciyarku, domin ba za ku gane nauyin abin da ya biyo baya ba sai da shi.

Kun san ni a matsayin ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje, amma ba da shi na fara ba. Na yi wasu shekaru ina karanta shirin manoma na Hausa wanda ma'aikatarmu take haɗawa ta aika gidan rediyo. Wanda ya koya mini aikin wani dattijo ne, Malam Garba, mutum mai tsanani a kan kalma, wanda zai sa ki maimaita jimla ɗaya sau bakwai saboda kin haɗiye wasali. Abu biyu ya dasa mini. Na farko, kada in faɗa wa manomi abin da ni kaina ban gane ba. Na biyu kuwa, ga yadda yake faɗinsa:

"In kika yi kuskure a iska, a iska za ki gyara, a daidai lokacin shirin, da muryar da kika yi kuskuren. Ba a ɓatawa a kasuwa a koma gyarawa a ɗaki."

Na ɗauka maganar rediyo ce kawai.

Na'urar da na koma aiki da ita tana da wani harshen wuta da bai fi yatsa tsawo ba. Ba wutar itace ba ce ko ta kalanzir, ta wata iska ce da ake kira argon wadda ake kawo mana a tukunyar gas, kuma zafinta ya wuce na kowace maƙera nesa ba kusa ba. Filasma muke ce mata. Idan aka kawo abinci a auna, mukan ƙone shi ya zama toka, mu narkar da tokar a ruwan asid, na'ura ta fesa ruwan cikin wutar. Kowane irin ƙarfe idan ya shiga wannan wuta yana ba da haske irin nasa wanda bai yi kama da na kowa ba. Sai na'ura ta auna ƙarfin hasken, ta kwatanta shi da na wani ruwa da muka haɗa da hannunmu, wanda muka san yawan ƙarfen da ke cikinsa. Shi ne ruwan ma'auni, wato mudunmu. Haske da yawa, ƙarfe da yawa. Haske kaɗan, ƙarfe kaɗan. Haka aka koya mini, kuma haka abin yake a mafi yawan ranaku.

A shekarar da nake ba ku labari, wani kamfanin alawa ya ce zai riƙa sayen mazarƙwaila kai tsaye daga ƙungiyar masu dafawa ta yankinmu, mutanen Makarfi da na Kudan a haɗe, amma sai kowa ya kawo takardar gwaji cewa babu dalma a kayansa fiye da ƙima. Dalma ba ta da ɗanɗano, ba ta sa amai ranar da aka ci. Taruwa take yi a jikin yaro sannu a hankali ta dakushe masa ƙwaƙwalwa, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Ƙungiyar ta aiko da samfuri goma sha biyu, ba suna, sai lamba. Ni na auna su. Goma sun fito can ƙasa, ba abin damuwa. Lamba huɗu ta haura ƙima. Lamba bakwai ta tsaya ƙasa da ƙima da ɗan kaɗan, wato ta tsallake. Na tuna sarai, lokacin da ruwan lamba bakwai ya shiga wutar, na leƙa ta baƙin gilashin na'urar na ga tsakiyar harshen ya rikiɗe ya zama rawaya kamar garin ɗorawa. Na san ma'anar wannan launi: sodiyam ne, sinadarin da ya cika gishiri da kanwa. Ya kamata in tsaya in yi wani gwajin tabbatarwa. Amma argon ɗinmu ya kusa ƙarewa, ga layin ayyukan wasu suna jira, sai na ce ai sodiyam ba shi aka tambaye ni ba. Na rubuta sakamako, na sa hannu. Wannan shi ne laifina, kuma ban taɓa raba shi da kowa ba.

Bayan mako uku na tafi Gazara suna. Da na gaida Inna, sai na gangara murhu in gaida Yaya. Tun daga nesa na hango buhunan kanwa jingine a rumfa, waɗanda ko masu shanu ba sa ajiye irinsu. Muka gaisa, ya tambayi babanku da ku ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi aiki da gajiyar hanya, sannan ya kama dariya.

"Dije, 'yar boko, zo ki ga aikin hannunki."

Takardata ce, an sa ta a leda an rataye a ginshiƙin rumfa. Ya ɗora yatsa a kan lamba bakwai.

"Ga yayanki nan. Huɗu kuwa Tanimu ne na Likoro, bawan Allah, an sallame shi."

Na ce masa barka, amma ya sani da ƙyar ya tsallake. Ya ce ai tsallakewa tsallakewa ce, ko rafi ko kwata. Na tambaye shi wannan kanwa haka fa, ko ya shiga fataucinta ne.

"Ke da kike da ilimi ba ki gano ba? Ni da Tanimu rake iri ɗaya muke shukawa. Kasakenmu ma mutum ɗaya ya liƙe mana da suka tsage, mai gyaran nan da ke zuwa daga wajen Ikara. To me ya raba mu? Shi yana ta fama da kuɓewarsa, ni ina zuba kanwa. Dama Inna ta sha faɗa, kanwa tana wanke ciki, ana ba shanu su murmure. Ashe har dalma tana kashewa! Kuma ba ni na faɗa ba, injin Turawa ne ya faɗa, da sa hannun ƙanwata."

Ya ce yanzu kowa ya ƙara hannu wajen zuba kanwa. Duk mai tsohon kasko da aka liƙe, wanda ake zargin daga liƙin dalmar take fitowa, ya huta da tunanin sayen sabo, kanwa ta raba gardama. Tanimu kansa ya sayi buhu guda, zai sake dafawa ya aiko a sake aunawa. Ina tsaye ina kallon matan unguwa suna sayen ɓallin mazarƙwaila mai ɗumi don kokon safe, sai rawayar nan ta wutar ta dawo mini a ido. Ban ce masa komai ba, domin Malam Garba ya hana ni faɗin abin da ban tabbatar ba. Ko abincin suna ban iya ci ba.

Ranar Litinin na ɗauko ragowar ruwan samfuran daga firij. Na ɗiga dalma wadda na san yawanta a ruwan lamba huɗu, na ba na'ura. Ta dawo mini da kusan duk abin da na zuba. Na ɗiga daidai wannan a ruwan lamba bakwai. Ta dawo mini da wajen kashi biyu cikin uku. Dalmar da na zuba da hannuna, na'ura ta ce ba ta ga sulusinta ba. Sai na jiƙa kanwar da na tsinto a rumfar Yaya, na tace, na zuba a ruwan Tanimu. Nan take wuta ta yi rawaya, sakamakonsa ya sauko ƙasa da ƙima. Da ya aiko da sabon samfurinsa, da na wanke shi tas, da sa hannuna.

Ga abin da ke faruwa a cikin wutar, kuma ina so ku gane shi, ba ku haddace ba. Kowace ƙwayar zarra tana ɗauke da wasu 'yan ƙwayoyin lantarki da ake kira elektaron. Hasken dalma da muke aunawa yana fitowa ne daga ƙwayoyin dalmar da zafin wuta ya fizge wa elektaron guda. Shi kuwa sodiyam, da ɗan'uwansa fotashiyam wanda dama akwai shi a ruwan rake, hannunsu a sake yake. Da sun ji wuta sai su watsar da nasu. In suna da yawa, sai wutar ta cika da elektaron marasa masauki, ƙwayoyin dalma da dama su sake kama ɗaya, su daina ba da hasken da muke dubawa. Ban da haka suna shan ƙarfin wutar, ta rage kaifi. Dalmar tana nan daram, na'ura ce ta ga kaɗan. Ruwan ma'auninmu kuwa tsarkakakke ne, ba kanwa a cikinsa, don haka na auna mai kanwa da mudun mara kanwa. Gyaran ba wuya. Na raba ruwan lamba bakwai gida huɗu, na bar ɗaya yadda yake, sauran na ƙara musu dalma hawa-hawa, samfurin ya zama mudun kansa. Na sake haɗa ruwan ma'auni mai sodiyam daidai da nasa, na ƙara wa wutar ƙarfi. Duk hanyoyin suka faɗi magana ɗaya: mazarƙwailar Yaya Sale ta haura ƙima, har ta fi ta Tanimu. Sauran goman na sake duba su, suna nan lafiya.

Shugaban sashenmu mutumin kirki ne, amma ya daɗe a ofis. Ya karanta abin da na kai masa sau biyu, ya cire tabarau.

"Hajiya, takarda ta riga ta fita da hatiminmu. In muka janye ta, me za a ce game da sauran takardunmu? Ki bari zagaye na gaba mu auna da sabuwar hanya, sakamako ya fito daidai, ba wanda ya ji kunya."

Na ce masa zagaye na gaba sai bayan wata shida, kuma kafin nan duk mai liƙaƙƙen kasko daga Gazara zuwa Likoro zai ci gaba da dafawa yana zuba kanwa da sunana. Ya ce in na dage, to in rubuta cewa kuskuren nawa ne ni kaɗai. Na ce dama nawa ne. Na rubuta a gabansa. Babanku da na gaya masa bai ce in yi ba, bai ce in bari ba; cewa ya yi kada Yaya ya ji a bakin kowa kafin ya ji a bakina.

Na koma Gazara, na sami Yaya da hantsi a ɗakin Inna. Na durƙusa na gaida su, na faɗi abin da ya kawo ni ba kwana-kwana. Yaya ya ɗago ya dube ni.

"Wato injin ya yi ƙarya."

"Bai yi ƙarya ba, Yaya. Ni ce ban yi masa tambayar daidai ba."

"To wa ya sani bayan ke?"

"Ogana. Kamfanin ma takarda tana hanya."

"Dije, na shuka rake ninki biyu saboda takardar nan. Na ɗauki mutane aiki. Ki bari a gama wannan kakar, in sayi sabon kasko a hankali, ba wanda ya ji. Ni ban taɓa roƙonki komai ba. Ko kin manta keken?"

Ban manta ba, kuma na gaya masa ban manta ba. Na ce da shi kaɗai ne, da sai in roƙe shi ya kashe wuta yau, in yi shiru. Amma maganar kanwa ta riga ta zaga gari, kuma ba wanda zai yarda ƙarya ce sai ya ji daga bakin mai sa hannun. Sai Inna ta jawo tasar da take ajiye mazarƙwaila a ƙarƙashin gado, ta buɗe.

"Dije, abin nan da kike faɗa, yana cikin wannan da nake jefa wa jikokina a koko?"

"Yana ciki, Inna."

Ta rufe tasar, ta tura ta bakin ƙofa da ƙafa.

"To ni dai na daina, Sale. Ke kuma in za ki faɗa, ki faɗa da ladabi. Yayanki ne."

A rumfar Yaya aka karanta takardar farko a gaban 'yan ƙungiya, saboda haka na roƙi shugabansu, Alhaji Mamuda, ya tara su a nan, bayan azahar. Ba a saba mace ta tsaya a irin wannan taro ba, amma yawancinsu sun san muryata tun daga shirin manoma, har wani ya ce yau ga rediyo ta zo da ƙafarta. Na yi sallama, na gaida manya, na ce takardar da ke rataye a ginshiƙin nan akwai kuskure a cikinta, kuma ni na yi shi. Na san in na ambaci elektaron na rasa su, sai na ce:

"A ce an aike ka kasuwa ka ƙirga mutanen wani ƙauye, aka ce maka alamarsu ba sa sa hula. Kana cikin ƙirga kawuna, sai ga wani ya shigo da buhun huluna yana watsawa kyauta. Wasunsu suka ɗauka suka kifa. Ka dawo ka ce mutum ashirin ka gani, alhali su talatin ne. Sun bar kasuwar?"

"Suna nan!"

"To mutanen su ne dalma, mai rabon huluna ita ce kanwa, ɗan aiken da aka yi wa wayo kuwa ni ce. Kanwa ba ta kashe dalma. Hula take sa mata. Cikin yaro kuwa ba ya duba hula."

Wani dattijo daga baya ya ce to wa ya aiki wannan mutum rabon huluna, aka yi dariya, amma gajeriya. Malam Tanimu, wani siriri mai sanyin magana wanda tun fitowar takardar farko bai iya ɗaga kai a kasuwa ba, ya miƙa hannu.

"Hajiya, a gafarce ni. Wato tawa ba ta da kyau, ta Sale ma ba ta da kyau?"

"Haka ne, Malam."

"To, Allah mun gode, ashe ba ni kaɗai ba ne. Buhun kanwar da na saya fa?"

"Ka ba shanu."

Wannan karon dariyar ta yi tsawo, kuma ita ce ta ƙona Yaya. Ya tashi, ya ciro takardar daga ginshiƙi, ya miƙo mini da hannu biyu kamar mai mayar da amana.

"Ga kayanki."

Ya saka takalmansa ya nufi fadama.

Ba zan rage muku tsadar abin ba. Kamfanin da ya ga an janye takarda sai ya janye daga ƙungiyar gaba ɗaya, ya koma wani yanki, bai dawo ba har yau. Mutum goman da kayansu ke da tsabta su ma suka rasa cinikin, kuma suna da hakkin jin haushina. Akwai wanda har ya rasu ba ya amsa gaisuwata da sakin fuska. Raken da Yaya ya ninka, a tsaye ya sayar da rabinsa ga masu kai wa birni. A ofis aka ba ni takardar tuhuma, ƙarin girman da nake jira ya wuce ni ya faɗa kan wani. Yaya kuwa bai yi mini rashin mutunci ba ko sau ɗaya. In na gaishe shi zai amsa, lafiya lau, lafiya lau, har ƙarshen gaisuwa, sannan ya tashi. Ya daina ce mini 'yar boko. Sai a lokacin na san ashe sunan nan shi ne rabona na wasa a wurinsa. Kaka biyu muka yi a haka.

A wannan tsakanin Malam Tanimu ya bar ni na kankare liƙin kaskonsa na auna. Dalma ce kusan zalla. Mai gyaran, da aka tambaye shi, ya ce daga tsofaffin baturan mota yake narkowa, kuma haka ya ga ubangidansa yana yi. Bai taɓa sanin tana shiga abinci ba. Ba mugu ba ne. Alhaji Mamuda ya sa aka zaga murhu-murhu, duk kaskon da aka liƙe da dalma aka sauke shi, aka koma walda da ƙarfe. A ɗakin gwajinmu kuwa, tun daga wannan shekarar, duk abin da ya shigo mai gishiri ko kanwa ko toka, ba a sa masa hannu sai an ɗiga masa sanannen ƙarfe an ga ya dawo cif. Matasan da ke aikin a yanzu suna yi ba su san daga ina dokar ta fito ba, kuma ban damu su sani ba.

Wata ranar Talata da hantsi, mai gadi ya leƙo ya ce ina da baƙo daga ƙauye. Na fito na tarar da Yaya Sale a kan benci, da babbar rigarsa ta Juma'a, da leda a cinya. Bai taɓa zuwa ofishinmu ba. Muka gaisa doguwar gaisuwa. Ya buɗe ledar ya fito da mazarƙwaila guda biyu, sannan ya fito da wani dunƙulen kanwa ya ɗora a kai.

"Sabon kasko ne. Kanwa kuma ban rage ba, hannun gidanmu ne, ba zan canja don injinki ba. Ga ta nan na kawo miki ita ma, ki san da wa kike yi."

Na ce ya ba ni kwana uku. Ya ce zai dawo da kansa. Da ya dawo, na shigar da shi ɗakin, abin da doka ba ta cika so ba, na sa shi ya leƙa ta baƙin gilashi lokacin da ruwan samfurinsa ya shiga wuta. Ya ga harshen ya yi rawaya, ya ja da baya kaɗan.

"Ita ce wannan?"

"Ita ce, Yaya."

"Munafuka."

Na nuna masa sakamakon, na ce dalma ta yi ƙasa ƙwarai, ko jariri aka ba ba komai. Bai kalli takardar ba, ni ya kalla.

"Da hula ko ba hula?"

"Ba hula. Sai da na tuɓe wa kowa kafin in ƙirga."

Ya gyaɗa kai, ya gyara zaman hularsa.

"To rubuta, 'yar boko. Ki sa hannu babba, inda za a gani."

Bai taɓa ce mini na yi daidai ba, ni ma ban taɓa neman ya faɗa ba. Amma wannan takarda ta biyu ta zauna a ginshiƙin rumfarsa har ledar ta yi baƙi da hayaƙi, kuma ranar da ya rasu tana nan. Dunƙulen kanwar nan da kuke gani a kabad ɗina, wanda kuka sha tambayata me ya sa ba a miya da shi, shi ne wanda ya kawo.

Saboda haka in an sake ce muku uwarku ta kashe wa Kawu Sale kasuwa, kada ku yi musu, kada ku yi faɗa. Ku ce haka ne. Sannan ku tambayi mai maganar ko a gidansu an sha koko da mazarƙwailar Gazara a shekarun da suka biyo baya, kuma ko yaran da suka sha suna lafiya.